Adon Albasa

Asuba ta yi a Aliero,
ruwan buta ya zama reza,
kaji sun ƙi saukowa daga kan danga,
jikata Hajo ta dunƙule cikin bargo
kamar curin fura.
Ni kuwa na farka sharkaf,
matashi ya jiƙe,
wuyan rigata sai an matse.

Wa ya hura murhu a ƙirjina
bai nemi izini ba?
Shekara hamsin da ɗaya,
baƙon wata ya naɗe tabarmarsa,
ya tafi ba sallama,
ya bar mini garwashi tukwici.

Bara na tafka wauta.
Na sayo suwaita a kasuwar Jega,
mai kauri, mai wuya har haɓa, ba maɓalli,
na sa ta zuwa suna gidan Tumba.
Ana cikin rabon goro wutar ta taso
daga cibiya har kunne.
Hoda ta narke, kwalli ya gangaro,
mata na hura tafin hannu don ɗari,
ni ina fifita da faifan tuwo.
Cire ta sai an tuɓe kallabi,
ga surukai cike da ɗaki.
Haka na zauna na turara kamar dambu,
ina amsa barka da haƙora.

Da na dawo na zauna bakin murhu,
na jawo albasa daga buhun
da maigida ya kawo daga fadama.
Ina ɓarewa ina tsaki,
sai hannuna ya tsaya.
Riga kan riga, kowace siririya,
ka zare ɗaya, tana nan da kyanta,
ka zare biyu, ba ta yi tsiraici ba.
Ashe malamata na kwance a buhu
ina ta yanka ta a miya.

Washegari na nufi shagon Ige
da ke bayan tasha.
Na ce, ajiye almakashi ki saurara:
shimi ta auduga zalla, mai shan gumi,
kada ki sa mini shafin nan mai santsi
da ke manne wa baya kamar kaska.
Atamfa ki sake ta a hammata,
iska ma baƙuwa ce, a bar mata ƙofa.
A sama 'yar riga buɗaɗɗiyar gaba,
maɓalli uku, launin makuba,
wadda hannu ɗaya zai iya da ita.
Gyale mai laushi ruwan goro.
Safa kuma ni zan nema,
don ƙafafuna na cikin hunturu
ko da kaina ya shiga bazara.

Ige ta cire allura daga baki:
Inna, duk wannan gayu yanzu?
Na ce, ke yarinya,
haihuwa aka rufe,
ba a rufe madubi ba.

Jiya aka yi bikin 'yar Gado.
Na sha lalle, na kafa ɗauri ya kalli gabas,
na zauna a tsakiyar tabarma.
Can sai na ji ta tafe,
tsohuwar wutar, da ɗan saurinta.
Na ce, bismilla, shigo.
Maɓalli ɗaya, biyu.
Gyale ya zame kafaɗa
kamar da gangan, kamar yanga.
Na kurɓi ruwan randa, na jira,
ta yi abin da ya kawo ta, ta wuce.
Sanyi ya dawo neman wurinsa,
na mayar da komai, ba wanda ya ankara.

Sai Tumba. Tana gefena cikin leshi mai nauyi,
goshinta na tsatsafa,
tana kallon ƙasa kamar mai laifi.
Ban ce mata komai ba.
Na zura mata hankici ta ƙarƙashin gyale,
na raɗa mata: gobe da hantsi ki biyo,
ki zo da yadinki,
mu leƙa bayan tasha.